Aikin ba takura, amma ya gundure ni: in bar shi?

Ɗan'uwa, ka ce albashi na shigowa kan kari, ba mai takura maka, amma ka daina koyon komai har kana tunanin ajiye aikin. Kada ka rubuta takardar murabus tukuna. Nemi wani kana kan kujerarka, don mai aiki a hannu ya fi bakin magana idan aka zo batun albashi. Tara abin da zai riƙe gidanka wata 6, sannan ka sake karanta takardar ɗaukarka aiki, ka ga wa'adin sanarwa da haƙƙoƙin sallama. Ni dai da zan fara neman canjin sashe; sau da yawa maimaita abu ɗaya kullum ne ke kashe zuciya. In shugabanka ya yi ta ce maka "sai an gani", fara aika takardun neman aiki.