Filin da na saya, takarda kuma da sunan mijina

Tambaya: Na sayi fili da kuɗin adashe da ribar ƙosai da nake soyawa, amma mijina ne ya je wurin dillali, aka rubuta takardar ciniki da sunansa. Allah Ya yi masa rasuwa bara, yanzu ƙannensa sun ce filin zai shiga cikin gado. Ina da hanyar da zan bi? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Allah Ya jiƙan maigidanki, Hajiya. Abin da mace ta samu da guminta nata ne, aure ba ya mayar da shi na miji, kuma sashe na 43 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa, namiji ko mace, ikon mallakar fili a ko'ina cikin Najeriya. A shari'ar Musulunci ma, ba a raba gado sai an fitar da haƙƙin mutane da basussuka daga dukiyar mamaci, saboda haka idan filin naki ne, ba ya cikin abin da za a raba.

Wahalar tana wurin hujja, domin takardar tana goyon bayansu, kuma ke ce mai da'awa. Ki nemo dillalin, da wanda ya sayar, da uwar adashe wadda ta san ranar da kika kwashi kuɗinki, da duk wanda ya ji marigayin yana cewa filin naki ne. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke bi, ana karɓar shaidar maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya adali tare da rantsuwarki, tunda magana ce ta dukiya.

Ki fara neman sulhu a gaban dattawan gida ko mai unguwa. Idan abin ya faskara, ki shigar da ƙara a kotun shari'a kafin a raba gadon, kada kunyar dangin miji ta sa ki yi shiru har a sayar wa wani. Idan hukunci bai gamsar da ke ba, kina da damar ɗaukaka ƙara. Tumunin takaba kuwa, wato kashi ɗaya cikin takwas na gadon, wanda kike da shi idan marigayin ya bar 'ya'ya, haƙƙi ne dabam da wannan fili.