Ku Tambayi Likita: Korona da yaran da aka kwantar a asibiti

Tambaya: Assalamu alaikum, likitoci. An yi ta cewa korona ba ta kama yara. To me ya sa ake ba wasunsu gado saboda ita, kuma waɗanne ne ta fi kayarwa? (Daga wani mahaifi)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tana kama su. Gaskiyar da ke cikin maganar ita ce yawancinsu sukan sha da sauƙi: zazzaɓi, mura, tari, wani lokaci amai da zawo, bayan 'yan kwanaki su miƙe. Daga Maris 2020 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana annobar zuwa Mayu 2023 da ta janye matakin gaggawa, yaran da cutar ta kai sashen kulawa ta musamman kaɗan ne idan aka kwatanta da manya.

Waɗanda ake kwantarwa ba ciwo ɗaya ke damunsu ba. Akwai yaron da karaya ko wani ciwon daban ya kawo, gwaji ne kawai ya nuna yana ɗauke da ƙwayar. Shi ana keɓe shi ne don kada ya shafa wa na kusa. Akwai wanda ta taɓa wa huhu ko maƙogwaro. Sai wanda ya warke sarai, makonni suka wuce, sannan jikinsa ya rikice, kuma shi ne aka fi makara wajen ganewa.

Hatsarin ya fi yawa ga jariran da ba su kai shekara ba, musamman bakwaini, da masu ciwon zuciya na haihuwa, sikila, ciwon suga, ƙiba mai yawa, ciwon huhu na dindindin, lalurar ƙwaƙwalwa, da masu shan maganin kansa. Jaririn da bai kai wata 3 ba, da zarar zafin jikinsa ya kai digiri 38 a kai shi asibiti, ko korona ce ko ba ita ba. Nau'in Omikron da ya ɓulla a ƙarshen 2021 ya zo da nasa salon: yakan kumbura maƙogwaron ƙananan yara, murya ta dushe, tari ya fito kamar haushin kare, a riƙa jin ƙara idan suna jan numfashi.

Tambaya: Likita, 'yata mai shekara 2 tana kwance, an saka mata oksijin. Ina kallon lambar da ke jikin na'ura amma ban san me take nufi ba. Kuma har yau ba a yi mata allurar antibayotik ba. Ba sakaci ba ne? (Daga wata uwa)

Amsa: Allah ya ba ta lafiya, Malama. 'Yar na'urar da aka maƙala mata a yatsa tana auna yawan oksijin da ke cikin jini. Yaro mai lafiya yakan nuna 95 zuwa sama. Idan lambar ta yi ƙasa da 90 dole a ba shi oksijin, idan kuma yana cikin mawuyacin hali ana so a riƙe ta a 94 ko fiye. Ana bayarwa ta siririn tiyo mai kai biyu da ake sakawa a hanci: rabin lita zuwa lita 1 a minti ga sabon haihuwa, lita 1 zuwa 2 ga jariri, har zuwa 4 ga wanda ya girme shi. Kada ki murɗa makunnin da kanki. Abin da za ki sa wa ido shi ne majina, domin takan toshe kan tiyon, iska na fita amma ba ta isa ga yarinya.

Na'urar ma takan yi kuskure. Sanyin hannu, motsi da jan farce suna rikita ta, kuma a fata mai duhu takan nuna lambar da ta ɗan ɗara ta ainihi. Shi ya sa mu ba ma sakin ƙidayar numfashi. Ki buɗe mata ƙirji lokacin da take kwance shiru, ki ƙirga na minti ɗaya cur. Ga mai shekara 1 zuwa 5, sau 40 ko fiye ya yi sauri. Ga ɗan wata 2 zuwa 11, sau 50. Ga wanda bai kai wata 2 ba, sau 60. Idan ƙasan ƙirjinta na lotsawa ciki, ko tana gurnani, ko leɓe ya yi shuɗi, ko ta kasa sha, ko barci ya yi nauyin da ba ta tasuwa, ki kira ma'aikaciyar jinya nan take, ko da lambar tana da kyau.

Batun antibayotik ba sakaci ba ne. Bakteriya yake kashewa, korona kuwa bairos ce. Sai an ga alamar bakteriya ta hau kai ake ƙara shi. Yaron da ya kai ga buƙatar oksijin akan ba shi deksametason, miligiram 0.15 ga kowane kilo na nauyinsa sau ɗaya a rana, kada ya wuce miligiram 6, na kwana 10 ko ƙasa da haka. Yana rage kumburin huhu, amma yana ɗaga sugan jini, kuma ba shi da amfani ga mai ɗan tari da mura. Inda ake da remdesibir, wani maganin bairos, akan ƙara shi ta jijiya.

Tambaya: Ɗan ƙanwata mai shekara 9 ya yi korona ya warke. Bayan wata guda sai zazzaɓi, ciwon ciki da jan ido, har aka yi zaton afendis ne. Yanzu an ce zuciyarsa ta taɓu. Ta yaya? (Daga wata mai karatu)

Amsa: Hajiya, bayaninki ya yi daidai da ciwon da likitoci ke taƙaita sunansa da MIS-C, wato kumburin sassan jiki da yawa a lokaci guda. A Ingila aka fara ankarar da duniya game da shi, a Afrilun 2020. Yakan zo mako 2 zuwa 6 bayan kamuwa, sau da yawa ga yaron da koronarsa ba ta ko kwantar da shi ba. A lokacin ƙwayar ta riga ta tafi, garkuwar jiki ce ta ƙi lafawa ta juya kan jijiyoyin jini, hanji, fata da tsokar zuciya. Don haka gwajin hanci kan iya nuna babu komai, sai gwajin jini ya nuna sawun cutar.

Ana zarginsa idan zazzaɓi ya kai kwana 3 tare da aƙalla biyu daga cikin waɗannan: ƙuraje ko jan ido marar kwantsa da tsagewar leɓe, ciwon ciki da amai ko zawo, faɗuwar matsin jini (BP), raunin zuciya, ko matsalar daskarewar jini. Sai an kore sauran masu kama da shi, irin su taifot, gubar bakteriya a jini, da zazzaɓin cizon sauro a inda ake fama da shi. Ya yi kama da ciwon Kawasaki, wani ciwon kumburin jijiyoyin jini na yara, sai dai shi Kawasaki 'yan ƙasa da shekara 5 ya fi kamawa, wannan kuwa 'yan firamare.

Wuri biyu ake tuntuɓe. Na farko shi ne wanda kuka kusa faɗawa, a shiga tiyata da yaron da afendis ɗinsa lafiya lau. Na biyu ƙarin ruwa: an ga matsin jini ya faɗi sai a sakar masa ruwa da gudu, alhali zuciya ta yi rauni, ruwan ya taru a huhu. Ana ba da shi kaɗan-kaɗan, kamar mililita 10 ga kowane kilo, a sake saurarar ƙirji kafin a ƙara.

Maganinsa imiyunogulobulin ne, wato sinadaran garkuwar jiki da ake bayarwa ta jijiya, giram 2 ga kowane kilo, a hankali cikin sa'o'i masu yawa, galibi tare da maganin rage kumburi irin metilfirednisolon. Akan haɗa da asfirin ɗan kaɗan don hana jini gudajewa. Wannan hukuncin likita ne kaɗai. Ba a ba yaro mai zazzaɓi asfirin a gida, yana iya lalata hanta da ƙwaƙwalwa. Yawancin yaran da aka gano da wuri zuciyarsu takan dawo daidai. A sake ɗaukar hotonta bayan mako 1 zuwa 2, sannan a mako na 4 zuwa 6. Idan tsokar zuciya ta kumbura, ya haƙura da ƙwallo da guje-guje wata 3 zuwa 6, har likitan zuciya ya sallame shi. A kuma gaya wa masu rigakafi cewa ya karɓi imiyunogulobulin, domin yana rage ƙarfin allurar ƙyanda har tsawon watanni.

Tambaya: Ni da jaririna duk gwaji ya nuna muna da ita. In daina ba shi nono? (Daga wata mai jego)

Amsa: A'a, 'yar'uwa, ci gaba. Ki wanke hannu, ki sa takunkumi lokacin shayarwa, amma shi kada a sa masa. Idan numfashinsa ya yi saurin da yake ƙwarewa, ki tatsa a ba shi da ƙaramin kofi ko ta tiyon da ake zurawa daga hanci zuwa ciki, ki kuma riƙa tatsa kamar sau 8 a yini da dare don kada nonon ya janye.