Injin Hiace ya gaji: wa za ka ba kuɗinka?

Wani ɗan kasuwa mai kai kaya kasuwannin ƙauye ya aiko da tambaya. Tsohuwar Hiace ɗinsa mai injin dizal 5L tana shan baƙin mai, tana hayaƙi. A kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano ya samu mutum biyu masu injin da aka yi wa garambawul, ɗaya ya fi araha sosai. Wanne zai ɗauka?

Alhaji, kada farashi ya fara yanke maka hukunci. Garambawul kala-kala ne. Wani ringi da gaskit kawai yake canjawa, ya wanke inji ya fesa fenti. Idan silinda ta riga ta cinye, sabon ringi ba zai kama ba, kafin ka mayar da kuɗinka hayaƙin ya dawo.

Ka sa kowannensu ya rubuta maka abin da ya canja: fistin, ringi, metal, famfon baƙin mai, taimin bel. In ya ce an goge kiranshaf, wato sandar ƙarfen da fistin ke juyawa, tambaye shi nawa aka ci, 0.25 ne ko 0.50 na milimita, domin dole metal ɗin, wato ƙarafan da kiranshaf ke juyawa a cikinsu, ya zama daidai da wannan awon. Wanda ya yi aikin da hannunsa ba ya inda-inda a nan. A duba tof silinda, wato murfin saman inji, da kyau, don injinan dangin 5L suna tsagewa a can idan sun taɓa yin zafi fiye da kima.

Ka je da bakanikenka, ba wanda mai kaya ya nuna maka ba. A tayar da injin da sanyinsa, a auna matsin kowace silinda. In ɗaya ta yi ƙasa da sauran sosai, ka bar injin, kada ka saya.

Batun kuɗi kuwa, ka ba da kafin alƙalami, ka riƙe kamar kashi ɗaya cikin uku sai motar ta yi mako biyu tana aiki. Rasit ya ɗauki lambar inji, da tsawon garanti, da wanda zai biya kuɗin saukewa da ɗorawa in matsala ta taso. Wannan na ƙarshen shi ne yake haɗa mutane rigima.

Ka ware kuɗin wanke lagireto da gyaran nozul mai fesa dizal, don tsohon lagireto mai toshiya zai ƙone sabon aikin. Bayan kilomita 1,000 na farko a juye baƙin mai da filta, kuma kafin nan kada ka yi mata lodi mai nauyi.