Filin Tambaya: Ina sallah ina azkar amma na daina gane kaina

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah ki bani shawara. Shekarata 9 da aure, yara uku, ina koyarwa a wata firamare. Wallahi kwanan nan in na zauna ni kadai sai inji kamar ba ni ba, yarinyar nan da take hawaye in taji karatun Kur'ani a islamiyya ban san inda ta shiga ba. Sallah ina yi, carbin latsawa yana yatsana, sai in ja dubu amma hankalina na kan miya da kudin makarantar yara. Anya ban zama munafuka ba kuwa?
Daga wata baiwar Allah a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam kanwata. Kalmarki ta karshe ita ta tsaya min a rai, don wani sahabi ya riga ki fadinta. Hanzala, daya daga cikin marubutan Manzon Allah (SAW), ya hadu da Sayyidina Abubakar yace masa Hanzala fa ya yi munafunci, in muna gaban Annabi yana tuna mana wuta da aljanna kamar muna ganinsu da ido, da mun koma cikin mata da yara da gonaki sai mu manta da yawa. Abubakar da kansa yace wallahi nima haka nake ji. Suka je suka fada, Annabi yace da zaku dawwama a wancan halin da mala'iku sun rika musabaha daku a kan shimfidunku da hanyoyinku, amma ya Hanzala lokaci da lokaci ne, har sau uku. Yana cikin Sahihu Muslim. To kinga miya da kudin makaranta ba su ne munafunci ba, munafuki ma bai damu ya yi wannan tambayar ba.

Yarinyar da kike nema kuma tana nan, mantuwa ce ta rufe ta. Ki duba Suratul Hashri aya ta 19, kada ku zama kamar wadanda suka manta da Allah sai ya mantar dasu kawunansu. Ni duk sanda na karanta ta sai jikina yayi sanyi, wato mutum yana iya bacewa kansa yana tsakiyar gidansa. Ai shi zikiri ma'anarsa kenan a Larabci, tunawa, kuma ba a tuna abin da ba a taba sani ba. A Suratul A'arafi aya ta 172 an tambayi zuriyar Adam, shin ba Ni ne Ubangijinku ba, suka ce eh mun shaida. Kina cikinsu.

Shawarata ki ajiye lissafin dubu tukunna. Bayan sallar asuba kafin yara su tashi, kafin ki taba waya, ki zauna a kan sallayarki kiyi tasbihi 33, hamdala 33, kabbara 33 ki cike da hailala, a hankali yadda kunnenki zai ji abin da bakinki ke fada. Hankali zai gudu kicin, ki dawo dashi ba tare da kin zagi kanki ba, wannan dawowar ita ce tunawar da muke magana.

Amma in abin ya hada da rashin barci ko kin abinci ko yawan kuka har sati biyu, dan Allah ki ga likita, kiyi duka biyun tare. Ki sake rubuto min bayan wata guda inji yadda ake ciki, ina saka ki a addu'a.