In ci bashi in sayi injin turara ƙasa?

Wani mai garka a Jiratawa ya aiko mini da wannan tambaya: "Ina sayar da dashen tumatir da tattasai. Shekara biyu ke nan iri yana fitowa lafiya, sai ya ruɓe daga gindi ya kwanta, wanda ya tsira kuma saiwarsa duk ƙulli-ƙulli. An ce mini tururi yana kashe cutar ƙasa. Ina so in ci bashi in sayo injinsa in turara garkar baki ɗaya. Me ka gani?"

Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Wanda ya ba ka labarin tururi bai yi ƙarya ba. Ƙullin saiwa aikin wasu ƙananan tsutsotsi ne da ido ba ya gani, ruɓewar gindi kuma ciwo ne da ke zaune cikin ƙasa. Idan zafin ƙasa ya kai digiri 70 ya tsaya nan minti 30, su biyun suna mutuwa, har da yawancin irin ciyawa.

Amma bashin nan, don Allah kada ka ci shi. Mu yi lissafi tare: eka ɗaya, wato hekta mai murabba'in mita 10,000, ko zurfin santimita 10 kaɗai za ka turara, ƙasar ta cika tano 5,000 mai lita 200. Ka tuna yadda itace da gazuwal suke tsada a Maraɗi, ka gaya mini kwandon tumatir nawa zai biya wannan wuta. Turawan da ke amfani da injin a ɗakunan shuka na gilashi suke yi, inda kowane taku na ƙasa yake kawo kuɗi mai yawa.

Kai kuɗinka a wurin renon iri yake, ƙasarsa kuwa ba ta da yawa. Ita za ka turara, kuma yadda uwargida take dambu haka ake yi. A samu tano, maƙeri ya sa masa faranti mai huji-huji kamar taƙi ɗaya daga gindi, ruwa a ƙasa, buhu a kan farantin, sannan ƙasar da aka gauraya da ruɓaɓɓen taki. Ta kasance da danshi kawai, ba jagab ba, kuma kada a danna ta. A binne ɗanyen dankalin turawa a tsakiya, a rufe. Idan ya nuna, ƙasar ma ta yi. Kada a ce bari a ƙara wuta don ta ƙara kyau: zafin da ya wuce kima yana kashe halittu masu amfani, har ƙasar ta riƙa ƙona ƙaramin tsiro. A bar ta ta huce ta sha iska kamar mako guda kafin shuka.

Inda mutane suke yin asara shi ne bayan an sauke. A juye ƙasa mai tsabta a tsohon fangali, ko a taɓa ta da hauyar da ta fito daga garka, shi ke nan, itacen ya tafi a banza. Zuba ta za ka yi a leda ko akwati, a ɗaga daga ƙasa.

Garkar kuwa, rana ta ishe ta. A watan Afrilu da Mayu ka jiƙa fangalin, ka rufe da farar leda mai nuna ciki, mako 4 zuwa 6. Wurin da ƙullin ya yi yawa ka huta masa da tumatir, ka sa albasa.

Bana ka fara da tano ɗaya. Rubuta kuɗin itace da na yaron aiki, ka raba da yawan dashen da ya rayu, sannan ka yanke farashi. Ka bar fangali ɗaya da ba a turara ba kusa da dashen da ke cikin ƙasar da aka turara, mai saye ya tumɓuke ya duba saiwar da idonsa kafin ku yi ciniki.