Tambaya da Amsa: In koma koyon sana'a karo na biyu?

TAMBAYA: Salamu alaikum Hajiya. Ni bazawara ce a unguwar Bagalam nan Maradi, ɗiyana biyu. Bara wata ONG ta koya muna haɗa sabulu kwana uku, aka ba mu takarda da kuɗin mota, shi ke nan ba mu sake ganinsu ba. Yanzu kuma wata ƙungiya ta zo tana rubuta mata na koyon ɗinki wata shida, wai in an gama za a ba da keke, kuma wani ya ce in ba shi jaka biyu ya sa sunana. In tahi ko ɓata lokaci ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya miki ɗiya. Jaka biyun nan kar ki ba da ko dala. Ki je wurin mai unguwa ko meri ki tambaya, ƙungiyar gaskiya tana da biro kuma ba ta saida suna.

In kin tabbatar da su, ki tahi. Kwana uku daban wata shida daban. Amma tun ranar farko ki buɗe baki ki yi tambaya, mata nawa ne kan keke guda, kuma keken da za a ba ku na ƙafa ne ko na kuran, don ke ma kin san yadda wuta take yi muna lokacin zafi.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan an gama. Wallahi na ga keke sabo fil da ledarshi an kai shi kasuwa, kuma mai shi ba raguwa ba ce, yaro ne ya kwanta da masassara ga ba ta da kuɗin zare balle na yadi ga gero ya ƙare a gida, to mi za ta yi. Shi ya sa nake ce miki tun kina koyo ki shiga asusu, kar ki jira sai kin gama. Kuma abin nan namu ne, nan jihar Maradi aka fara irin asusun da ake kira Mata Masu Dubara a 1991 tare da ƙungiyar CARE, yau ga shi ana kwaikwayonshi a ƙasashe da yawa har wajen Afirka. Mata kamar 20 ko 30 su haɗu duk mako kowa ta zuba abin da aka yi shawara, ko dala ashirin ce, akwatin da kwaɗo uku, makullan kuma hannun mata uku daban, ba a buɗewa sai gaban kowa. Mai buƙata ta ci bashi ta maido, shekara ta zagayo a raba. Akwai ma ɗan kuɗin da ake warewa na ciwo da rasuwa, shi ne zai hana ki taɓa keken nan.

Sannan wata shida ba ya sa mace ta zama tela, hannu kawai yake buɗewa. Ki nemi wata gwana ki zauna ƙarƙashinta ko ba biya, ki fara da kalmasa da gyaran kayan yara na maƙwabta, kafin azumi ya zo kin samu masu kawo miki ɗinki.

TAMBAYA: Hajiya ina kabu-kabu da babur ɗin wani, ina son koyon walda amma aji shida na tsaya.

AMSA: Ɗana aji shida ba ya hana. Ka je CFM, cibiyar koyon sana'a ta gwamnati, irinku aka buɗe ma ita, ka kuma leƙa ofishin FAFPA da ke tallafa ma masu koyo wajen ubangida ka ji ko suna ɗauka. Babur ɗin kar ka aje shi tukuna, ka roƙi mai shi ya bar maka aikin marece.