Da gaske ana yi wa gilashi da ƙarfe walda?

Tambaya: Malam, ni mai walda ne. Na ji an ce ana haɗa gilashi da ƙarfe da hasken leza, ba gam, ba kusa. To me ke hana gilashin fashewa?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa. Gaskiya ka ji, kuma ka taɓo inda gizo ke saƙa.

Gilashi da ƙarfe ba sa buɗewa daidai idan sun ji wuta. Alminiyam kan buɗe kusan ninki 7 na gilashin ɗakin gwaji, in kuwa tataccen gilashin kwaz ne (kwaz wani dutse ne mai sheƙi), kusan ninki 40. Da sun fara hucewa sai ƙarfen ya tsuke da ƙarfi, gilashin ya kasa binsa, ya tsage.

Dabarar tana cikin gajartar lokaci. Wannan leza ba ta ci kamar wutar waldarka, ƙiftawa take yi, kowace ƙiftawa 'yan fikosakan kawai. Fikosakan ɗaya kuwa shi ne ka raba sakan gida tiriliyan ɗaya ka ɗauki kashi guda. Hasken yana ratsa gilashin kamar yadda rana ke ratsa taga, ba ya ƙona komai a hanya, sai a daidai inda aka tattara shi, wato mahaɗar gilashin da ƙarfen. A wannan ɗigo, wanda bai kai kaurin gashin kai ba, zafi kan yi tsananin da dukansu biyu za su narke su cakuɗu, alhali gefensa bai ma yi wani ɗumi ba. Sai a ja ɗigon a hankali, ya bar layi kamar ɗinki.

A 2019 masana a Jami'ar Heriot-Watt da ke Edinbura a ƙasar Birtaniya, ƙarƙashin Farfesa Duncan Hand, sun sanar da haɗa gilashi da alminiyam, titaniyam da ƙarfen da ba ya tsatsa. Sun gwada haɗin daga sanyin digiri 50 ƙasa da sifili zuwa zafin digiri 90, bai saki ba. Wannan ya burge ni ƙwarai, domin gam da ake manna madubai da shi a na'urorin gani yakan saki da daɗewa, yana kuma fitar da tururin da ke dusashe madubin.

Wahalar aikin tana wajen shiri. Dole a goge fuskokin biyu sumul, a matse su har ratar da ke tsakani ba ta wuce 'yan maikuron ba (maikuron ɗaya shi ne ka raba milimita gida dubu ka ɗauki kashi guda). Ƙwayar ƙura ɗaya in ta shiga tsakani, tana iya ɓata waldar.